Likitar mata na so zama, likitar iyali nake zama 🧵

1/
Kwana biyun nan ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe a makarantar likitanci suna ta turo mani tambaya iri ɗaya ta bayan fage: "Anti Dokta, wane fanni ne ya fi dacewa da mace mai aure?" Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya. Bari in ba ku labarina kawai. Zaren da tsawo, ku gyara zama. Maza ma kada ku wuce, da ku a ciki.

2/
Ni 'yar Farfaru ce, ƙaramar hukumar Jibiya, jihar Katsina. Ga wanda bai san wurin ba, bakin boda muke. Ka wuce Magama ka shiga Nijar, ga Ɗan Isa, gaba kuma Maraɗi. Rabin danginmu na can. Mu zuwa Maraɗi ba fita ƙasar waje ba ne, zuwa biki ne ko gaisuwar mutuwa.

3/
Ina aji huɗu a firamare gwaggona ta yi naƙudar kwana uku a gida. Jaririn bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Mijinta ya ce ta je gida ta huta. Duk wanda ya san irin wannan hutun ya san ba kasafai ake dawowa daga shi ba.

4/
Bayan wata da watanni aka kai ta Babbar Ruga, asibitin nan na gefen Katsina inda Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya shafe shekaru tun cikin 1980 da wani abu yana ɗinke mata masu wannan lalura. Ni ce 'yar rakiya, mai riƙon kwanon abinci da buta.

5/
Ranar da aka cire mata robar fitsari ta zauna bisa tabarma, ta jima, ta tashi. Tabarmar a bushe. Ta yi ta shafa wurin da tafin hannu tana kuka. Daga ranar ban ƙara tunanin wani aiki ba. Ko da na shiga ABU Zariya, ni a raina fannin mata da haihuwa na zo karanta, sauran duk hanya ce.

6/
Ga waɗanda ba likitoci ba, ga yadda hanyar take. Shekara shida a jami'a, in ASUU ta bari. Shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, kana zagaya manyan sassa huɗu: tiyata, yara, mata, da cututtukan manya. Sai bautar ƙasa. A nan kai likita ne, amma ba ƙwararre a fanni ba.

7/
In kana son fanni, sai ka ci jarrabawar da muke kira Firamare, ta kwalejin horar da manyan likitoci ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma. Sannan ka nemi gurbi a asibitin da aka amince ya ba da horo. Shekara huɗu zuwa shida, gwargwadon fanni, da manyan jarrabawa biyu da kundin bincike, kafin a ce maka kwansaltan.

8/
Da na ce ma Inna zan zauna Firamare, sai ta aje muciya ta dube ni. "Ke ɗiyar nan, bayan jami'a kuma firamare za ki koma? Me kika yi masu?" 😂 Har gobe in ta kira ni sai ta tambaya ko an sa ni aji biyu.

9/
Ku lura da lissafin nan da kyau: shekarun horon su ne daidai shekarun da ake aure, ake haihuwa, ake goyo. Horon kuma da kwanan asibiti. A wurare da yawa za ki kwana aiki duk bayan kwana uku ko huɗu, gari ya waye kuma ki zarce da aikin ranar. Ki fita da asubahin Litinin, ki dawo la'asar ɗin Talata.

10/
Maigidana aikin fiton kaya yake a bodar Magama, shi ke bin takardun manyan motoci wajen kwastan. An sa ranarmu ƙarshen 2019, sai gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan shekarar. Kasuwa ta mutu murus. Sai da aka fara buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020 aka ɗaura mana aure a watan da ya biyo. Ku riƙe maganar bodar nan, za ta dawo.

11/
Lokacin ina aiki a wani asibitin gwamnati a yankinmu. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya. Wata uku babu kira, babu data. Mutum sai ya hau mota ya nufi wajen Katsina don ya ji muryar ɗan'uwanshi.

12/
Wani dare cikin wannan lokacin aka kawo wata yarinya a amalanken shanu, cikin fari, tana jijjiga tun magariba. Hawan jini ya kai inda ya kai. Muka ba ta magnesiyam salfet, jijjigar ta lafa, amma bugun zuciyar jaririn na ta sauka. Babu wanda zan kira. Babu ma layin da zan kira shi da shi.

13/
Daga ni sai ungozoma da nas mai ba da allurar barci. Ni ma da nawa cikin wata biyar. Muka shiga tiyata. Na ciro yaron, ya yi shiru na wasu daƙiƙu da nake jin kamar shekara, sannan ya callara kuka. Na fito ƙafafuna sun kumbura kamar tulu, amma wallahi ban taɓa jin ina inda ya kamata in kasance kamar daren nan ba.

14/
Sai Allah ya kawo Husna a farkon 2022. A nan ne lissafi ya canza.

15/
Ni ce mai tsayawa gaban mata a ɗakin awo ina cewa nono zalla wata shida, ko ruwa kada a ba. Ni kuma ce na koma aiki ɗiyata ba ta cika wata huɗu ba. Ina tatsa a ɗakin hutun likitoci, in zuba a kwalba, in sa cikin kula da ƙanƙara, in ba ɗan acaɓa ya kai gida. Rannan wuta ta ƙi, ƙanƙara ta ƙi, nonon ya lalace.

16/
Ranar na zauna bayan ɗakin haihuwa na yi kuka mai isata, rigata duk ta jiƙe ta gaba. Wata tsohuwa mai jinya ta zo wucewa ta ce, "Likita, ke ma ciwo gare ki?" Na ce a'a Baba, gajiya ce.

17/
Duk da haka na ci Firamaren fannin mata a wannan shekarar. Karatun dare, Husna a baya, littafin sassan jiki a gaba. Takardar sakamakon na nan har yanzu cikin akwatin lefena, ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba.

18/
Daga nan shawarwari suka fara zubowa. Kowa masani ne a kan rayuwar likita mace. "Ki ɗauki ido, ba kwanan asibiti." "Ki ɗauki fata." "Ki yi hoto, kina zaune cikin sanyi." Kamar gurbin horon tumatir ne a kasuwar Jibiya, ka ɗaga wannan ka aje wancan. Kuma masu waɗannan fannonin su ma karatu suke kamar ba gobe, ku tambaye su.

19/
Abin da ya fi ci mani rai: abokin karatuna ya tafi fannin tiyata, 'ya'yanshi uku, babu wanda ya taɓa tambayarshi wa zai riƙe mashi gida. Kowa ya san amsar. Matarshi ta aje karatunta na NCE a shekara ta biyu. Shi ana ce mashi jarumi, ita ko sunanta ba a sani ba.

20/
Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai. ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe boda. Manyan motoci suka yi layi a Magama, kaya na ruɓewa, direbobi na kwana ƙarƙashin mota. Abban Husna ya wayi gari ba aiki. Albashina ya zama shi ne gidan, har da na Inna da na Hajiyarshi.

21/
Abin mamaki, watannin nan ne na fi samun natsuwa a aiki tun da na haihu. Shi ke kwana da Husna in ina asibiti. Ya koyi dama kunu, ya koyi gane kukan yunwa da na rigima. Zan dawo da safe in tarar da su biyun suna barci a tabarma, ta ɗora ƙafa bisa wuyanshi.

22/
Majalisarsu kuwa ba su bar shi ba. "Mijin Dokta." "Mijin-ta-ce." Wani har ya tambaye shi ko ya fara ɗaura zane. Bai taɓa gaya mani ba, a bakin ƙanwarshi na ji. Da na yi mashi maganar sai ya ce, "Maman Husna, ɗiyata ce fa. Wanda ya ce raino ya rage mani wani abu, ya zo ya auna."

23/
Da wannan ƙarfin gwiwar na nemi gurbin horo a fannin mata, a wani asibitin koyarwa mai nisan kusan wuni guda daga gida. Shirinmu mu tattara mu koma can gaba ɗaya, tunda boda a rufe take. Na je ganawa. Na dawo muna jira.

24/
Maris 2024 aka buɗe boda. Bayan 'yan makonni takardar ɗaukata ta fito. Abu biyu da muka yi ta roƙon Allah, suka zo tare, kuma ɗaya ba ya zama da ɗaya. Aikinshi a Magama yake, ba a ɗaukar boda a kai wani gari. Ga bashin wata bakwai a kanshi.

25/
Bai ce kada in tafi ba, kada ku ɗora mashi. Cewa ya yi in tafi da Husna, zai riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Sai na zauna da biro da takarda na rubuta tambaya ɗaya: ƙarfe uku na dare, ina tsakiyar tiyata, Husna ta farka da zazzaɓi. Wa ke ɗakin?

26/
Inna? Na roƙe ta ta bi ni. Ta ce duk abin da ake yi a dajin nan ba ta bar ɗakinta ba, ba za ta bar shi don birni ba. Ga kakarmu kwance, ita ke juya ta. Hajiya, surukata, ga ciwon suga ga ƙafa. Ƙanwata tana shekarar ƙarshe a sakandare.

27/
Sai kawuna ya kawo mafita irin wadda aka saba. Yana da ɗiya 'yar shekara 11, tana aji biyar. "Ki tafi da ita ta riƙe maki yarinya. Can ma ai sai ki sa ta makaranta." Duk mun san yadda wannan "sai ki sa ta makaranta" ke ƙarewa. Yarinyar da ta kwana da jaririya a baya ba ta zuwa aji da safe.

28/
Kuma ga gaskiyar da nake jin kunyar faɗa: na kusa amsa. Har na fara lissafin kuɗin katifarta. Inna ce ta kira ni ɗaki ta ce, "Lokacin da kike kamarta, matar wani ma'aikaci ta nemi in ba ta ke, ki yi mata raino a Katsina. Da na ba ta, da yanzu ke ke goyon ɗiyar likita."

29/
Ban san da wannan labarin ba sai ranar. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta sayar ta riƙe ni a makaranta. Na fita daga ɗakin ban ce komai ba. Na rubuta ma asibitin can cewa na gode, ba zan samu zuwa ba. Na yi kusan sati ba na son magana da kowa.

30/
Zan iya jira wani gurbin fannin mata ya buɗe kusa da gida. Amma gurbi ba kullum ake tallarshi ba, masu jira kuma da yawa. Ga abokai na ta tafiya, wasu Saudiyya, wasu Ingila. Wata babbarmu da nake girmamawa ta ce mani, "Ƙanwata, kafin ki yi ta jira, koma ki duba rajistar asibitinku. Su wa ke zuwa maki da dare?"

31/
Na duba. Daren nan na 2021 da nake ta ba da labari, bayan na fito tiyata akwai yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, yana ta sanƙarewa. Akwai dattijo da suga ya kayar. Kafin asuba aka kawo mutum biyu da harbin bindiga. Duk ni na gan su. Tiyatar kawai nake tunawa saboda ita nake so.

32/
Da damina kuwa yara masu tamowa ne ke cika ɗaki, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo Katsina tun 2021 saboda yawansu. Asibiti irin namu ba ya samun ƙwararru goma, kowa da fanninshi. Mutum ɗaya yake samu, in an yi sa'a biyu. Wannan mutumin dole ya iya ciro jariri, ya iya yaro, ya iya tsoho.

33/
Wannan shi ne fannin likitan iyali. Mutane na ɗauka zaman ɗakin duba marasa lafiya ne da rubuta farasitamol. A shekarun farko sai ka zagaya tiyata, yara, mata da haihuwa, cututtukan manya, taɓin hankali, ido, kunne da hanci, kuma ko'ina da kwanan asibitinshi. Sauƙin sai can gaba, lokacin da ka koma sashenku.

34/
Kada in yi maku ƙarya don labari ya yi daɗi. Da ba don Husna ba, da ban ga wannan hikimar ba. Da tuni ina can ina fannin mata, kuma da na yi farin ciki. Dalilin gida ne ya fara tsayar da ni, dalilin aiki ya zo daga baya ya same ni a tsaye. Duka biyun gaskiya ne, amma ga wanda ya riga.

35/
Na sake zama wata Firamaren, ta fannin iyali (Inna ta ce wannan karon maimaita aji aka sa ni). Na samu gurbi a kusa, inda Abban Husna zai yi sammako ya je Magama ya dawo kafin magariba, don hanyar nan ba a bin ta da dare. Muka ɗauki wata dattijuwa bazawara, da albashinta, da ranar hutunta. Ɗiyar kawu tana JSS yanzu, ni ke biyan kuɗin littattafanta.

36/
Kuma kada wata ta karanta wannan ta ce fannin mata ya fi ƙarfin matar aure. Ga Farfesa Hadiza Galadanci a Jami'ar Bayero, tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda ya nuna cewa auna jinin da mace ke zubarwa bayan haihuwa da leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a haɗe nan take, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

37/
Aminiyata ma tana shekara ta uku a fannin, da 'ya'ya biyu, kuma tana yi da kyau. Bambancinmu ɗaya: gidan mahaifiyarta na bayan asibitin, tafiyar minti goma a ƙafa. Ba ta fi ni son aikin ba, ban fi ta son 'ya'ya ba. Ita tana da amsar tambayar ƙarfe uku na dare, ni a lokacin ba ni da ita.

38/
Don haka ƙannena, in kun tambaye ni wane fanni, ni ma tambaya zan yi maku. A wane gari ake horon? Wa kike da shi a garin, da sunanshi, ba "Allah zai kawo" ba? In kin haihu a tsakiya, kin san a yawancin wurare sai kin rama watannin hutun kafin ki zauna jarrabawa? Kun yi maganar nan da wanda zai aure ki, dalla-dalla, har da adadin kwanakin da ba za ki kwana gida ba?

39/
Samari masu cewa "ni likita nake so in aura", ku ma ku zo nan. Farar riga da hoton biki kuke hange. Ranar Sallah tana asibiti. Ranar sunan ƙanwarka tana asibiti. Hajiyarka za ta tambaye ka ina matarka, kai za ka amsa, kuma yadda ka amsa shi zai sa a ƙaunace ta ko a tsane ta a gidanku.

40/
Watan jiya zagayena ya kai ni sashen mata. Aka kawo wata mai doguwar naƙuda, na yi mata aiki, babbar likitar na tsaye tana kallo. Da muka fito wajen wanke hannu ta ce, "Wa ya bari hannun nan ya tafi fannin iyali?" Na yi dariya. Da na shiga mota sai da na jima kafin in tada ta.

41/
Gobe ina da kwanan asibiti. Husna na wajen babanta. Ya koyi kitso yanzu, kalaba biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma, kuma ba ta yarda kowa ya gyara mata. Tambayoyinku ku aje a ƙasa, in na samu sarari tsakanin marasa lafiya zan amsa.